Na Je Damagaram In Kashe Alhaji Ba-Ragi

Tun da na dawo daga Damagaram ban samu na sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ba. Wannan ya ce yaya hanya, wancan ya ce da gaske ne an kama ni a boda, Malam Tasi'u kuwa kullum tambayarsa ɗaya ce, wai na kashe mutumin ko ban kashe shi ba. Na gaji da bayar da labarin gutsi-gutsi kowa yana ƙara masa gishirinsa, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Duk wanda ya sake tare ni, takardar nan zan miƙa masa in wuce.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Habibu, malamin makaranta ne ni a Kano, ina kuma taɓa rubuta littattafan labari. Muna da wani zaure na marubuta a waya, 'yan Najeriya da 'yan Nijar a haɗe, kuma babban aikinmu a ciki gardama ce a kan irin mutanen da muke ta maimaitawa a labarai har masu karatu suka haddace su. A nan na san Ramatu, wata matashiya da ke jagorantar marubutan wasan kwaikwayon rediyo a Zinder, wato Damagaram. Ita ce ta kira ni wata rana ta ce suna da wani mutum a wasansu da ya fi shekara ashirin yana fitowa kowane mako, sunansa Alhaji Ba-Ragi. Ɗan kasuwar Kano ne mai kwaɗayi, kullum ya zo ya cuci Damagarawa, kullum kuma a ƙarshe shi ke kwana ciki. Ta ce sun sa ranar taro don su yanke hukunci a kansa, su kuma zaɓi sababbin mutanen da za su maye gurbinsa, amma dattawan ƙungiyar ba za su yarda a cire shi ba sai an samu Bakano na gaske ya tsaya ya ce abin cin mutunci ne.

Ban taɓa jin wasan ba ko sau ɗaya, amma nan take na ji haushi ya kama ni a madadin Kano gaba ɗaya, har da ƙauyukanta. Na ce mata ta ɗauka an gama. Na guge shaddata mai ruwan ƙasa, na shirya sababbin mutanena a ka, na tafi tasha ina jin kaina kamar wani jakada.

Daga Kano zuwa Daura ba abin faɗa, illa an matse ni tsakanin wata tsohuwa mai ƙwaryar daddawa da wani mutum da ya yi barci a kafaɗata tun daga Kazaure. A Kongolam muka sauka muka miƙa takardu. A ɓangarenmu aka duba aka sallame mu. Da muka isa wurin jandarmomin Nijar, wani dogo mai gashin baki ya karɓi katina, ya dube shi, ya dube ni.

“Haihuwar ina?” in ji shi.

Na ce Kano, da ɗan ɗaga kai.

Sai ya juya ya kira abokan aikinsa. “Ku zo ku gani. Bawanmu da ya gudu ya dawo da ƙafarsa.” Ya nuna mini benci ya ce in zauna, ya ce wa direba ya sauke jakata.

Jama'a, gumi ya karyo mini har cikin takalmi. Na fara tunanin wa zan kira, na tuna wayata ta daina aiki tun da muka tsallako. Tsohuwar nan mai daddawa ce ta matso ta ce mini a hankali, “Ɗan nan, kai ba ka san wasa ba ne?” Na san wasa mana. Na san Kanawa da Damagarawa abokan wasa ne tun zamanin yaƙe-yaƙen kakanni, na ma koyar da shi a aji, na yi tambaya a kansa a jarrabawa. Amma ban taɓa zaton zan karɓe shi daga hannun mutum mai bindiga ba. Tarar da jandarman ya ɗora mini ita ce in miƙe in faɗa da ƙarfi cewa kilishin Damagaram ya fi na Kano. Na faɗa, ya ce bai ji ba, na sake. Sannan ya ɗauki jakata da kansa ya mayar mota, ya ce Allah ya kai ni lafiya, in gaida iyayengijina.

A Matameye muka tsaya salla. Nan na fara ganin burodinsu mai tsawon hannu, wanda ake ɗauka a hammata kamar sanda. Na saya don in nuna ni ma wayayye ne, na gatsa, ya kusa tafiya da haƙorina. Mai shayin da ya sayar mini ya ce a jiƙa shi ake yi, sannan ya tambaye ni daga ina, na ce daga Daura.

Ramatu na jirana a tashar Zinder, 'yar siririya da tabarau, fuskarta ba walwala. A gefenta wani dattijo ne ramamme cikin farar jallabiya, yana ta murmushi kamar an yi masa albishir. Ta ja ni gefe ta ce ta shirya mini masauki, amma wannan ya zo ya ce Bakano ba ya kwana a gidan baƙi alhali ubangidansa na gari.

“Wane ne shi?” na tambaye ta.

“Baba Isuhu ke nan,” in ji ta. “Shi ne Ba-Ragi.”

Ni da na zo ina tsammanin wani ƙato mai tumbi, sai ga mutumin da iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka. Amma da ya buɗe baki ya ce, “Bawana, sannu da hanya,” sai na ji muryar attajiri mai shago uku, mai kauri, mai maiƙo, irin ta wanda ya ci ya ƙoshi yana neman wanda zai raina. Duk mutanen tashar suka juyo suna dariya. Ya riga ya rungume jakata, ba yadda zan yi. Haka na bi mutumin da na zo kashewa zuwa gidansa.

A kan kabu-kabu muka tafi, abin da mu muke kira acaɓa. Gidansa a Kara-Kara yake, can cikin duwatsu. Duk inda muka gifta sai an ɗaga hannu an ce Ba-Ragi, daga masu sayar da gawayi har wasu ƙartin samari da ke ɗaga ƙarfe mai dunƙulen siminti a bakin hanya. Ban ji mutum ɗaya ya kira shi Isuhu ba. Shi kuma sai ya nuna ni ya ce, “Ga na gaske na samo.”

Kuskurena na farko a gidan na ruwa ne. Matarsa, Inna Barira, ta ajiye bokiti biyu a bakin banɗaki, ni kuma na shiga na yi wankan Kano, na juye duka biyun ina 'yar waƙata. Da na fito na tarar da ita tsaye tana duban bokitan. Ashe ɗaya nawa ne, ɗayan na gidan ne har gobe, don famfon unguwar ba kullum yake kawowa ba. Kunya ta rufe ni. Baba Isuhu kuwa murna ta kama shi, yana cewa bai taɓa tunanin sa Ba-Ragi ya cinye ruwan mutane ba, wannan sai na gaske.

Aka kawo burabusko da miyar yakuwa, aka biyo da alkaki mai zuma wanda har yau nake mafarkinsa. Ina ci yana kallona. Ya tambaye ni yadda muke gaisawa a kasuwa, yadda muke yin tsaki, yadda muke ƙin abu alhali muna so. Ashe bai taɓa zuwa Kano ba. Muryar nan da ta girgiza tasha, a bakin direbobin manyan motoci da fatake ya tsinto ta, guntu-guntu. Ni kuwa da na samu mai saurarona, sai na saki baki. Na yi masa bayanin adabi, na yi masa bayanin sababbin mutanen da na zo da su, ina tura tabarau sama da yatsa, ina cewa “ka gane ko?” Shi kuma yana gyaɗa kai, leɓɓansa na motsi.

Washegari da la'asar ya fita masallaci, Inna Barira ta zo kwashe kwanuka, sai ta zauna a bakin ƙofa.

“Malam, na san abin da ya kawo ka,” in ji ta. “Shi ma ya sani.”

Na hau gyaran hula.

“Shi ba ya noma. Gonarmu ta Gaffati ƙanena ke riƙe da ita. Kuma ba shi da wata murya sai wannan. An taɓa ba shi liman a wasa, yana fara wa'azi gari ya ɗauki dariya, dole aka karɓe. Ran da aka cire Ba-Ragi, zama zai yi a zauren nan har ranar da za a fitar da shi.” Ta tattara kwanukan ta miƙe. “Ba roƙonka nake ba. In ƙaro alkaki?”

Na ce ta ƙaro. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban san da wa nake fushi ba.

Washegari aka yi taron da hantsi a ƙarƙashin wata bishiyar bedi, wato darbejiya, a farfajiyar gidan da suke gwajin wasa. Dattawa a kan kujeru, matasa a tabarma, mata a gefe guda, ga mai dafa shayi a tsakiya da 'yar butarsa a kan gawayi. Tsarinsu ya burge ni. Mutum zai miƙe ya kawo sabon mutumin labari, sai a saki kofin shayi ya zagaya. In kofin ya dawo hannun mai shayi ana ci gaba da gardama, an karɓi mutumin. In ya dawo an yi shiru, to matacce ne, ko da kowa ya ce yana da kyau. Wani dattijo da ke shugabantar zaman, Malam Mamman, ya ce mini mutumin da bai sa an yi faɗa a kansa a nan ba, ba zai hana mace tashi daga gaban rediyo ba.

Wani saurayi ya fara da Ɗan Jado, wanda ya tafi haƙar zinariya ya dawo da rawani da baƙin tabarau da labarai, aljihu kuwa fayau. Nan take wuri ya kaure. Wasu suka ce ai tsohon ɗan cirani ne aka sake wa riga. Saurayin ya ce a'a, ɗan cirani kunya yake ji in ya dawo hannu rabbana, wannan kuwa shi ke ba masu kuɗi shawara. Wata mata ta ce ƙanen mijinta ne sak, a sa shi ko ta bar ƙungiyar. Kofi ya dawo ba wanda ya lura.

Ramatu ta kawo dokar hana suma. Ta ce daga yau duk jarumar da aka faɗa wa mummunan labari, ta yi wani abu da hannunta, ko ta ci gaba da tankaɗe, ko ta kashe wuta, amma kada ta faɗi. Wanda ke yi musu ƙarar faɗuwa da buhun hatsi ya ce to shi me zai riƙa yi. Aka yi ta ja, doka ta wuce. Wani ya ce a mayar da ɗaukewar rezo, wato sabis ɗin waya, hanyar raba masoya a daidai lokacin da gaskiya za ta fito. Kowa ya ce haka ne, yana faruwa kullum, sai aka yi shiru. Kofi ya dawo, aka binne shawarar, mai ita yana ta cewa ai kun yarda.

Ni na kawo Gwaggon Zauren Dangi, wadda ke aiko saƙon murya mai tsawon huɗuba, ta fara da gaisuwa ta ƙare da raba zumunci. Kafin in rufe baki mutum uku sun ciro waya suna neman su kunna ta gidansu. Aka shiga musu a kan ko muguwa ce ko kaɗaici ke damunta. Daɗi ya kama ni har na manta da Inna Barira, na zauna ina kallon kofi yana yawo ina jin kamar an naɗa ni sarauta.

Sai Malam Mamman ya ce saura maganar Ba-Ragi, baƙo ya miƙe.

Na miƙe, na gyara murya, na tura tabarau sama. Dariya ta fara daga bayan tabarma. Na ɗauka wani abu ne daban, na ci gaba. Na ce mutumin Kano ba mayaudari ba ne, mutum ne mai neman na kansa, ka gane ko? Wuri ya fashe. Wata tsohuwa ta kama cikinta, mai shayi ya zubar da kumfa a wuta. Na ƙara ɗaga murya na ce ba wasa nake ba, abin da ya ƙara rura su ke nan, don Bakano ya tsaya a tsakiyar Damagaram yana cewa ba wasa yake ba, ai shi ne wasan. Ashe kuma tun da sassafe Baba Isuhu ya zaga kasuwar Dole da aron tabarau, ya nuna wa rabin gari sabon Ba-Ragi mai ilimi. Duk abin da na yi a gaban taron, an riga an gani.

Ramatu ta buga tafi har aka yi shiru. Idonta ya yi ja, don ita da gaske take, ta gaji da rubuta labarin da ta san ƙarshensa tun tana firamare.

“Malam Habibu, tambaya ɗaya ce,” in ji ta. “Ka ji zafi ko ba ka ji ba?”

Malam Mamman ya gyaɗa kai ya ce haka ƙa'idar take. Wasa yana nan muddin abokin wasa bai ce ya ji zafi ba. Ran da ya faɗa a gaban mutane, an daina.

Ban taɓa jin taro ya mutu haka ba. Na dubi Baba Isuhu. Ya cire aron tabaran ya riƙe a cinya, ya zama ɗan tsoho ramamme kawai, yana kallon ƙasa. Gaskiya kuwa na ji zafi. Na ci abincin mutumin nan, na buɗe masa cikina, shi kuma yana ɗibar ni kamar mai ɗibar ruwa. In na ce ban ji ba na yi ƙarya, kuma na ci amanar yarinyar da ta gayyato ni. In na ce na ji, na san zauren da zai koma.

Na ce, “Na ji.” Wani ya yi salati a hankali. Na ce, “Amma ba kwaikwayon ne ya yi mini zafi ba, don ko matata ba ta kama ni haka ba. Jandarman da ya tsare ni a boda, da ya gama da ni ya bar ni na ce masa gashin bakinsa kamar tsintsiyar masallaci, ya yi dariya. Ba-Ragi kuwa shekara ashirin kuna dukansa bai rama ko sau ɗaya ba. Wannan ba abokin wasa kuka ajiye ba, jaki kuka ɗaure. Ni shawarata ba a kashe shi ba, a kwance shi. Duk labarin da aka sa abokin wasa a ciki, dole ya samu ramuwarsa, wani makon ma shi zai tafi da riba ya bar Badamagare yana susar ƙeya.”

Maganar jandarman ƙarya ce, ban ce masa komai ba, a mota na tuno ta bayan mun yi nisa. Amma ta yi aiki.

Mai shayi ya saki kofi. Malam Mamman ya ce in Bakano ya ci nasara a rediyon Damagaram za a zo a fasa musu gilashi. Wata ta ce ita kam ta daɗe tana tausayin Alhajin. Saurayin Ɗan Jado ya ce a haɗa su, Ba-Ragi ya sayar wa nasa mutumin injin gano zinariya wanda ba ya gano komai sai murfin kwalba. Ramatu ta tauna leɓe, sannan ta ce in har ba a san wanda zai ci ba, to wannan sabon mutum ne, ba tsohon ba, kuma za ta iya rubuta shi. Wani ya ce ba sabo ba ne, ta ce sabo ne, suka miƙe tsaye. Kofi ya dawo, aka sake cika shi, ya sake dawowa, har aka kira azahar ba a gama ba.

Da muka fito Ramatu ta harare ni ta ce na zo kashe mutum na koma ma'aikacinsa, don ramuwar farko ni zan rubuto. Na ce na ji. Inna Barira kuwa, da yamma na tarar ta ajiye bokiti biyu a bakin banɗaki, ta ce duka nawa ne. Na yi wanka da rabin ɗaya.

Da safe Baba Isuhu ya rako ni tasha. Tun daga gida bai yi wa kowa wasa ba, ko da ana kiransa sai ya ɗaga hannu kawai. Na zauna kusa da taga, ana ɗaure kaya a sama, sai ya matso ya dafa ƙofar, ya yi magana da wata ƙaramar murya mai rawa.

“Malam, akwai matsala. Na iya kukan Ba-Ragi, na iya borin kunyarsa, na iya gudunsa. Amma ban san yadda yake dariya in ya ci ba. Ban taɓa yi ba. Yi mini in ji.”

Na ce a nan, cikin mutane? Ya ce a nan. Na gwada, abin ya fito kamar tari. Ya girgiza kai ya ce wannan ta wanda ake bi bashi ce. Na sake, ya ce ta makoki ce. Sai na dube shi, dattijo mai furfura ya kafe ni da ido yana jiran a koya masa cin nasara, na tuna ni ne na taso tun daga Kano da gogaggiyar shadda don in gama da shi. Dariya ta ƙwace mini, ta gaske, har da hawaye, har fasinjoji suka juyo. Bai taya ni ba. Ya karkata kunne, ya rufe ido, leɓɓansa na motsi.

Direba ya ja mota. Na leƙa ta taga na hango shi a inda na bar shi, tsakanin masu tallan ruwa, ya ɗora hannu a kan tumbin da ba shi da shi, ya ɗaga kai sama yana gwadawa. Ta farko ba ta fito ba. Ya gyara tsayuwa ya sake, sai na ga masu tallan sun fara juyowa ɗaya bayan ɗaya.